Layi Shida a Bangon Hola Mastura

Mu uku ne a gidanmu na unguwar marina a birnin Kokan: ni Hulkar, da Innata Sabohat, da Goggo Tursunoy, yayar mahaifina. Muna da rumfar inabi, da bishiyar rumman biyu, da tanderun gurasa a bayan gida. Abin da ba mu da shi namiji ne. Babana ya rasu ina 'yar shekara goma sha huɗu, tun daga nan duk maganar da ya kamata namiji ya je ya yi a madadinmu, ko dai mu haɗiye ta, ko Goggo ta je ta ɓata ta.

Akwai kuma abin da Inna ta rasa ita kaɗai. Yatsu biyu na hannunta na dama a manne suke da juna, fatar wurin ta yi sheƙi. Shi ya sa duk rigar da za ta ɗinka sai ta ƙara wa hannun tsawo. Tun ina ƙarama in na tambaye ta sai ta ce, "Tanderu ne, ina amarya ban iya liƙa gurasa ba." Ku riƙe wannan, masu karatu, za mu dawo kansa.

Ni malamar makaranta ce, fiziks nake koyarwa. Shekarata ashirin da shida, wanda a unguwarmu ba a faɗa da ƙarfi.

Doniyor mai haɗa haƙora ne. Na san shi ranar da na raka Goggo a sa mata na zinariya. Mutum ne mai sanyi, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu, alhali haƙoransa sun fi na kowa kyau. Ina son shi, bari in faɗa tun yanzu don kada a ce ban faɗa ba. Mahaifiyarsa, Hola Mastura (Hola muke ce wa babbar mace don girmamawa), ta zo neman aure sau uku kamar yadda ake yi, a na ukun aka karya gurasa a gaban dangi, Inna ta miƙa musu farin ƙyalle alamar mun yarda. Aka sa biki ƙarshen Nuwamba.

Kun san Nuwamba. Sanyi na shigowa wutar gas ta koma kamar idon kyanwa, ko ruwan shayi ba ta tafasawa. Don haka kayan da Inna ta daɗe tana tara mini duk na lantarki ne: firji, murhu mai kai biyu, tanderun gashi, buta, da injin niƙa nama. Su kuma can sun sa hita don ruwan wanke-wanke.

Ranar Talata Inna da Goggo suka shirya zuwa gidan su Doniyor auno tagogi saboda labule. Amarya ba ta taka gidan miji kafin biki, don haka na tura wa Goggo wayarta a jaka.

"Goggo, don Allah ki ɗauko mini hoton ɗakin girki. Kowane bango."

"Bango? 'Yan mata na neman hoton ango, ke bango. Sabohat, kin ji 'yarki? Wannan boko zai kashe mu."

Ta dai ɗauko, duk a karkace, yatsanta ya rufe rabin kowane hoto. An yi wa ɗakin sabon shafe na siminti. A tsakar gida ga kwalayen tayil fari mai zanen auduga a jibge. Na duba bango na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Soket ɗaya tak, shi ma tazarar tafin hannu tsakaninsa da famfo. Can sama kusa da ƙofa an rataye wani ƙyalle mai aikin hannu, jajayen rumman a kan baƙi, wata siririyar farar waya ta leƙo ta ƙarƙashinsa.

"Goggo, mene ne a bayan ƙyallen nan?"

"Ni taga na je aunawa, ban je ɗage wa mutane zane ba."

"Yaushe za a liƙa tayil?"

"Alhamis ta sama, in ji uwar mijinki. Me ya shafe ki?"

Ga abin da ya shafe ni. Amarya a wurinmu, kwana arba'in na farko ita ce mai shara da asuba, ita ce mai rusuna wa duk wanda ya shigo, ita ce mai ciyar da shi. A hunturu hakan na nufin murhu a kunne, tanderu a kunne, buta ba ta hutawa, hita na aiki. Kuma amarya ba ta magana. Sai ta shekara kafin ta iya cewa gishiri ya ƙare. In an liƙa tayil, babu mai fasa shi saboda bakin amarya. Kwana tara ke gare ni da zan iya magana.

Yadda nake koya wa ɗalibaina shi ne: waya kamar kwatar ruwa ce da ke ratsa lambu. Kowace kwata da iyakar ruwan da za ta ɗauka. In ka tura wa ƙarama ruwan kogi, ba za ta ce maka komai ba, sai dai ka wayi gari ta cinye bakinta. Waya kuwa zafi take yi a cikin bango, inda ido ba ya gani. Farar wayar alminiyam irin ta da, in ta yi ƙoƙari ta ɗauki kilowat uku da rabi. Na haɗa kayan Inna da hitarsu, na sami kusan tara.

Washegari lokacin hutun tara na yagi takarda mai gida-gida, na ɗauki jan biro. Na zana ɗakin. Na ba murhu layinsa shi kaɗai, na ba tanderu nasa. Na uku na soket ɗin teburin aiki, inda buta da injin nama za su zauna, nesa da famfo kamu biyu, kuma ba a saman murhu ba. Na huɗu na hita, da na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara ta jikin mutum. Na biyar na firji, don in wani layi ya yanke kada nama ya lalace. Na shida na fitila, ita ma daban, saboda ba na son wuta ta ɗauke ina riƙe da kaskon mai a cikin duhu. Duka da wayar jan ƙarfe, da waya ta uku da za ta sauka ƙasa. A gefe na rubuta: kada a murɗa jan ƙarfe da alminiyam wuri ɗaya.

Na ɗauki hoto na tura wa Doniyor.

"Malama, jarrabawa ce? Wallahi ban yi bita ba," ya rubuto.

"Ɗakin girkinku ne, Doniyor-aka. A fasa bango a ja waɗannan kafin a liƙa tayil. Aikin kwana biyu ne."

"Kai! Har da launi. Ni duk duniya wa ya kai ni sa'a?"

"Ba yabo nake nema ba. Kuma don Allah kada ka ce daga wurina ya fito."

Ya turo hoton zuciya guda uku. Na ɗauka ya fahimta.

Bai fahimta ba. Ya je ya buga takardar a shago, ya kai wa mai tayil a tsakar gidansu, yana ta murmushi yana cewa, "Mai gida, duba nan. Hulkar ce ta zana, da hannunta." Hola Mastura na bayansa tana tsince shinkafa.

Ranar Juma'a da la'asar aka buga ƙofarmu da ƙarfin da bai yi kama da na maƙwabta ba. Hola Mastura ce ta shigo cikin rigar siliki ta atlas mai ruwan wuta, da falmaran ta karan-miski, haƙoran zinariya shida da ɗanta ya sa mata suna walƙiya. Ko takalmi ba ta jira na juya mata ba. Inna ta shimfiɗa katifar zama, ta kawo gurasa da rumman da alewa. Ni na durƙusa a ƙarshen shimfiɗa da butar koren shayi, na juya shi sau uku, na zuba mata ɗan kaɗan a ƙasan kofi, na miƙa hannuna na hagu a ƙirji. Zuciyata ta ce in cika kofin fal, ta gane ana sallamarta. Na dai danne.

Ba ta karɓa ba. Ta zaro takardar daga ƙirjinta, ta shimfiɗa a kan gurasa.

"Sabohat-hon, ni amarya na zo nema gidanku, ashe injiniya kuka ba ni. Da kun faɗa mini ai da na ɗinka mata hular kwano."

"Hola, yarinya ce, ba ta..." Inna ta fara.

"Yarinya? Ashirin da shida? Ni a shekarunta na yaye uku. Ƙafarta ba ta taka gidana ba, ta aiko a rushe mini bango. In ta shigo kuma sai me? Sai rufin?"

Goggo ta yi wata 'yar dariya. "Ai wasa ne irin na yaran yanzu, su da waya..."

"Ke Tursunoy, da wayar wa aka ɗauki hoton? Na ba ki shayi, na ba ki somsa mai nama, kina leƙa mini lungu kamar mai binciken haraji."

Goggo ta shanye dariyarta.

Na san ƙa'ida. Ƙa'ida ita ce in kalli ƙasa. Amma na tuna kwana shida suka rage.

"Hola, ku yi mini izini in yi bayani. Ba raini ba ne. Waya kamar kwatar ruwa ce..."

"La'ilaha! Za ta koya mini darasi. In tashi tsaye ne, malama, ko in ɗaga hannu?"

"Wayar da ke bangon ba za ta ɗauki kayan ba. Zafi za ta yi."

Sai fuskarta ta sauya. Ta daina murmushin mugunta, ta kalle ni ido cikin ido.

"Wayar nan marigayi Ergash ne ya ja ta da hannunsa, shekarar da ya kawo ni gidan. Ni na riƙe masa tsani ina da ciki wata bakwai. Shekara arba'in. Da ita aka yi kaciyar 'ya'yana, da ita aka aurar da mata uku, da ita aka dafa shinkafar sadakar mutuwarsa. Ko sau ɗaya ba ta yanke ba. Shi ne yau ke za ki ce aikinsa bai yi ba?"

Masu karatu, a nan na ji tausayinta, gaskiya. Amma "ko sau ɗaya ba ta yanke ba" ɗin nan ya fi komai tayar mini da hankali. Fis, ɗan abin nan da ke katse wuta in ta yi wa waya yawa, an yi shi ne don ya yanke. Wanda bai taɓa yankewa ba, wani ya yi masa wani abu.

"Allah ya jiƙansa," na ce. "A lokacinsa kwan fitila ne da rediyo. Aikinsa ya yi daidai da lokacinsa."

"Kun ji? Ta ba shi maki." Ta miƙe tana kakkaɓe riga. "Farin ƙyallenku yana cikin akwatina, Sabohat-hon, ko ninkinsa ban warware ba. Ranar Laraba za ku kawo kaya. Ta zo da ƙafarta ta ba ni haƙuri a bakin ƙofa, in ba haka ba mai kawo kaya ya koma da kaya, da ƙyallen a sama."

Ta fita ta bar shayin ya huce.

Goggo ce ta fara. "Kin huta? Manemi na farko kin ce ba ya karatu, na biyu kin ce yana tofar da yawu a titi. Wannan kuma bangon uwarsa ne bai yi miki ba. Soket za ki aura? Shi zai haifa miki 'ya'ya?"

Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta tattara kofuna da hannun hagu, na daman a cikin riga.

"Za ki je ki ba da haƙuri."

"Inna, ni ce zan tsaya a ɗakin nan da jiƙaƙƙen hannu."

"Kowace mace ta tsaya a ɗakin da ba ita ta gina ba. In aka dawo da farin ƙyallen nan, unguwar nan ba za ta ce waya ba, za ta ce an gano wani abu a jikinki. Ba mu da wanda zai je ya wanke mu. Ki koyi shiru, Hulkar. Ni da shi na zauna lafiya."

Ranar Asabar Doniyor ya tsaya a bakin makarantarmu, ya ƙi shigowa, ya ƙi tafiya. Na fito da tarin littattafan gyara a hannu.

"Na ce kada ka faɗa."

"Alfahari nake yi da ke, laifi ne?" Ya sosa ƙeya. "Ki ba ta haƙuri kawai. A liƙa tayil ɗin. Bayan biki in ta tafi ziyara wurin Yaya a Namangan, sai mu kira mai wuta a ɓoye."

"Ya fasa tayil a ɓoye? Ta dawo ta tarar da bango a buɗe, ta ce wa ya yi? Kai za ta kora ko ni?"

"To ki riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya."

"Baƙi ashirin a ɗaki, mahaifiyarka ta ce ina shayi, in ce mata a jira somsa ta gasu? Ka taɓa ɗaga ƙyallen nan mai rumman?"

"Ita ta ɗinka shi bayan rasuwar Baba. Ba mai taɓawa."

"Ka ɗaga ka gani."

"Hulkar-hon, uwata ce."

"Na sani. Ni kuma hannuna ne."

Ya tafi ransa a ɓace. Kwana uku ba saƙo, ba zuciya ko ɗaya. Na riƙa duba waya a ƙarƙashin tebur kamar ɗaliban da nake ƙwace wa tasu.

Laraba da hantsi motar kaya ta zo. Inna ta zaɓo mini doguwar riga ruwan toka da farin ɗankwali, ta ɗaura mini da kanta har ya rufe gira. A hanya ta sa na maimaita abin da zan ce sau uku. Zan faɗa muku gaskiya: na yanke shawarar in faɗe shi. Na gaji, ina son Doniyor, kuma fuskar Inna ta rame cikin kwana biyar.

Hola Mastura na tsaye a bakin ƙofa, maƙwabta mata huɗu a bayanta, waɗanda aka gayyato kallon kaya da kallona. Doniyor na can gefe yana taya direba sauke firji, ya ƙi haɗa ido da ni. Na rusuna.

"Hola, na yi kuskure, bakina ya wuce..."

"Dakata. Ba a nan ba." Ta juya ga matan. "Tunda malama ta ce gidana zai ƙone, ta shigo ta gani da idonta. Yau na ɗage al'ada. Doniyor, kai su ciki, ka haɗa duka."

"Inna, ba sai..." Doniyor ya ce wa mahaifiyarsa.

"Na ce duka!"

Haka na taka gidan mijina karo na farko, ba guɗa, ba kiɗa. Aka jera kayan Inna a kan teburi. Doniyor ya kawo soket ɗin ƙari mai baki biyar, ya cusa a soket ɗin nan ɗaya. Hola da kanta ta cika buta, ta ɗora tukunyar ruwa a kowane kai na murhu, ta murɗa tanderu har ƙarshe. Hita dama a kunne take. Kwan fitilar da ke sama ya yi ja, ya rage haske kamar mai jin barci.

"To? Ya yanke?" Ta buɗe hannuwa. "Malama, agogo na hannunki, ki ƙirga mana."

Minti biyu. Minti biyar. Matan suka fara dariya. Ɗaya ta ce, "Aikin mutanen da ai ba irin na yanzu ba ne." Wata ta ce, "A ba amarya kujera, kada ilimi ya yi mata nauyi." Buta ta tafasa, Hola ta juye, ta sake cikawa da ruwan sanyi, ta sake kunnawa, tana kallona.

Na buɗe baki in ce a kashe, Goggo ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari.

Sai na lura da Inna. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, kanta a sunkuye tun shigowarmu. Yanzu ta ɗago. Hancinta na motsi. Ni ban ji komai ba tukuna, sai daga baya ya iso ni: wani wari siriri, kamar na kifin da ya kwana, gauraye da ƙonanniyar roba.

Inna, wadda ban taɓa ganin ta ɗauki ko cokali a gidan wani ba tare da izini ba, ta ratsa ta gaban Hola Mastura, ta miƙa hannun hagu, ta yaye ƙyallen mai rumman.

"Ke! Sabohat!"

Bangon bayansa baƙi ne ƙirin, baƙin ya hau sama kamar harshen wuta. Ga tsohon fis na tangaran, an naɗe shi da waya mai kaurin ƙusa. A ƙasansa sabuwar wayar hita ta jan ƙarfe, an murɗa ta da tsohuwar farar, robar da aka naɗa musu ta narke tana ɗiga, hayaƙi siriri na fita. Bayan ƙyallen kansa ya yi ruwan ƙasa.

"Doniyor, babban makunni, a waje!" na ce. Ban san na yi ihu ba sai da na ji muryata. Ya ruga. Fitila ta mutu, buta ta yi shiru.

Sai Inna ta naɗe hannun rigarta na dama har gwiwar hannu, a gaban maƙwabta, a gaban Hola Mastura. Ni kaina ban taɓa ganin tabon gaba ɗaya ba. Ya wuce yatsu, ya hau har tsintsiyar hannu.

"Mastura-hon, wannan ba tanderu ba ne. Tursunoy na nan, a gidansu aka yi, ta ƙaryata ni in ƙarya nake."

Goggo ta kalli ƙasa.

"Sati uku ina jin warin nan a ɗakin girkin uwar mijina. Na san daga soket yake fitowa. Amma ina amarya, an ce mini amarya ta gari ba ta ganin aibin gida. Ranar da na zo zare wayar murhu da jiƙaƙƙen hannu, ya fashe, labule ya kama. Da hannun nan na kashe, ban yi ihu ba, don akwai baƙi a ɗaki. Aka ce in ce tanderu ne, kada a ce gidan ba shi da kyau. Shekara ashirin da takwas ina cewa tanderu."

Ta sauke hannun rigar a hankali.

"'Yata ta yi rashin kunya, ta ba ku haƙuri, ni ma ina ba ku. Marigayi Ergash bai yi laifi ba. Amma ba zan kawo ta gaban bangon nan ba. In za ku dawo da farin ƙyalle, ku dawo da shi, ni zan karɓa da hannun nan."

Kuna tsammanin Hola Mastura ta rungume mu? Ba ku san ta ba. Ta tsugunna ta ɗauki ƙyallenta mai rumman daga ƙasa, ta juya bayansa ta ga inda ya ƙone. Ta kalli maƙwabtan da ta gayyato da kanta.

"Kun zo gidana, kun tsiraita mini bango a gaban mutane. Uwa da 'ya, irinku ɗaya. Ku fita."

"Inna, da wuta ta..." Doniyor ya fara daga bakin ƙofa.

"Kai kuma rufe mini baki, mijin malama!"

Muka fita. Kayan suna can, ba ta ce a kwashe ba, ba ta ce a bari ba. A mota Goggo ta yi ta kuka tana cewa mun kashe aure, sannan ta kama hannun Inna na dama ta riƙe har gida.

Yau Alhamis, ranar tayil. Ina tsakiyar darasi na biyu waya ta yi motsi a aljihuna. Na daure har aka buga ƙararrawa. Hoto ne daga Doniyor: bangon ɗakin girki, an ja masa layi shida da alli daga kusurwar ƙofa, kowane da lambarsa, kamar yadda na zana. Layi na uku ya karkace, amma ba komai.

"Na sallami mai tayil," ya rubuta. "Mai wuta zai zo da azahar."

"Ta yarda?"

"Ba ta ce e ba. Ta ce in na fasa bangon Baba kada in ƙara kiranta uwa. Sannan ta aiko mini da guduma ta hannun maƙwabciya, wai tawa ba ta da kyau."

"Farin ƙyallen fa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

"Ta fito da shi daga akwati. Yana kan tabarmar sallarta tun safe. Ba ta aika ba, ba ta mayar ba."

Da na dawo gida na tarar da Inna a bayan gida tana liƙa gurasa, hannun rigarta a naɗe, rana na dukan tabon. Na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, ta bi layukan da yatsun nan biyu manannu.

"Wanne ne na fitila?"

"Na shida."

"Ya yi. Kada mutum ya tsaya a duhu."

Duk lokacin da aka taɓa ƙofa sai mu ukun mu ɗaga kai, mu ga ko farin ƙyalle ne. Har yanzu da nake rubuta muku ba a kawo shi ba, ban kuma san ko za a kawo ba. Abin da na gane, ni 'yarta, shi ne Inna ta koya mini shiru ne don tana tsoron a dawo da ni gida. Jiya da ta ji warin nan, ta fi tsoron a kai ni.